Lunet ɗin Ɗan Adar, maganin hasken bam

Bakin tashar Tawa, ƙarfe biyu na rana. Ɗan Adar ya jera lunet bisa allo, Buzu shina jiran motar Arlit, Ɗan Lakkwal na gefe da kofin shayi a hannu.

Ɗan Adar: Buzu zo ka ga abin mamaki. Wanga lunet roba ce mai hankali, cikin inuwa fari tas, ka fita rana ya yi baƙi da kanshi, ko bam ɗin nukiliya ya tashi gabanka sai dai ka yi mishi gwalo.

Buzu: Nawa?

Ɗan Adar: Jikka biyar, don kai ne. Arlit za ka hwa, garin uraniyom, ka san ba a zama can da ido tsirara.

Buzu: Na daɗe ina gadi can, ban taɓa ganin ya haska ba. Ƙura dai muke sha.

Ɗan Lakkwal: Ai uraniyom na cikin ƙasa ba shi walƙiya, sai an yi bam da shi, kamar wanda Faransa ta tada a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960. Kai kuma ɗan uwa ka ji tsoron Allah, wanga naka sai hasken rana ya taɓa shi sannan shi fara tunani, wajen rabin minti kafin ya yi baƙi, shi ko hasken bam kafin ka ƙyafta ido ya gama aikinshi.

Ɗan Adar: Mai haƙuri ne dai, ba shi gaggawa.

Buzu ya saka, ya fita rana ya tsaya kamar turke. Minti ɗaya, minti biyu.

Buzu: Har yanzu ina ganin munin fuskarka sarai.

Ɗan Lakkwal: In zafi ya yi yawa ma ba shi baƙi sosai, haka irinsu suke. Cikin mota kuma gilashin gaba na tare hasken da ke tada shi, sai ka kai Arlit shina barci.

Ɗan Adar: To laifina ne ko laifin ranar Tawa?

Buzu: Na gaskiyar hwa, akwai shi?

Ɗan Lakkwal: Akwai, amma ba bisa allo ba. Amurkawa suka yi ma matuƙan jirgin yaƙi mai ɗaukar bam B-52 bayan 1970, a wani wurin bincike ana ce mishi Sandia. Ba ma roba ba ce, wani irin tangaran ne PLZT mai aiki da lantarki, ka raba daƙiƙa gida dubu, bai cinye gida ɗaya ba ya rufe ruf. Kamar hular masu walda ta zamani amma shi ba wasa. Kafin nan kuwa faci suke ɗaurawa a ido ɗaya, in haske ya makanta na waje sai su buɗe na ajiya su ci gaba da tuƙi.

Buzu: Au! Duk kuɗin Amurka? Ai ni rawanina na yin haka kyauta, in ja shi kaɗan shi ke nan.

Ɗan Adar ya yi shiru, ya laluba ƙasan buhu, ya fiddo wani baƙin lunet da gilashi ɗaya ya fita tun watan azumi, ya hura ya goge da gefen riga.

Ɗan Adar: Yawwa, ga na matuƙan Amurka, ɓoye shi nike don manyan baƙi. Jikka bakwai.

Buzu: Ido ɗaya kuma ya fi mai biyu tsada?

Ɗan Adar: Da kuɗin fiddawa.

Buzu: Idon dama ya rufe, ni kuma da shi nike gadi. Duba min na hagu.