Google ba ya cikin marubuta, a daina rubuta shi ƙarƙashin hoto

Lokacin sutnans, wato zaman da ɗalibi ke kare kundinsa gaban alƙalan jami'a, ya sake zagayowa a Maraɗi, kuma layin nan da ke maƙale ƙarƙashin hotuna a kundayen lisans da masta yana nan daram: "Madogara: Google". Wani ma "intanet" kawai zai rubuta ya wuce. Google dillali ne. Ya nuna maka inda kaya suke, amma ba shi ya saƙa su ba.

Ana ta murna da manhajojin kama satar rubutu, kamar da su an gama magana. Yawancinsu kalmomi suke gwadawa da kalmomi. Taswira, jadawalin da aka ɗauko da kamarar waya, hoton gona, duk sai su wuce salin-alin.

A nan ɓarnar take. Ɗalibin aikin gona ya sa hoton tsutsa a kan zangarniyar hatsi, mai karatu ya ɗauka a Tibiri ko Jirataua aka ɗauke shi, alhali daga Indiya ya fito, inda irin hatsin da ƙwarin ba lalle su zama namu ba. Taswira ta fi muni. A 2011 aka mayar da Barmo da Gazawa gundumomi, jahar Maraɗi ta tashi daga 6 zuwa 8. Wanda ya kwaso tsohuwar taswira babu shekara a kanta, ya zuba alƙaluman yau, ya haɗa iyakoki biyu da ba su dace ba. Haka yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta ba jahar miliyan 3 da dubu 400 da ɗoriya, adadin da INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta gina a kanta don shekarun da suka biyo baya hasashe ne, kuma dole jadawali ya faɗi wanne aka ɗauka.

Abin da ake nema bai kai layi uku ba: lambar hoto da takensa, sunan wanda ya ɗauka ko hukumar da ta fitar, shekara, littafi da shafinsa ko cikakken adireshin intanet, da ranar da aka duba shi, domin shafuka suna ɓacewa. In ka taɓa taswirar, rubuta "an gyara daga wane". In hotonka ne, sa wuri da watan da ka ɗauka. Na Google Earth, manhajar da ke nuna ƙasa daga sama, yana nuna ranar ɗaukarsa a ƙasan allo, a kwafe ta. Gulbin Maraɗi na Agusta daban yake da na Maris. Na Wikimedia Commons, rumbun hotuna na intanet, kuwa yana da lasisi, kuma lasisin CC BY na nufin ambaton mai shi sharaɗi ne. Wanda manhaja ta ƙirƙira, a faɗi sunanta, kuma kada a kafa hujja da shi.

Masu cewa wannan tsirfar Turawa ce su tuna yadda malamanmu na zaure ba sa karɓar hadisi sai da isnadi. Masu cewa ai kundin ɗalibi ba na sayarwa ba ne, dokar haƙƙin mawallafi ta Nijar, ta 23 ga Disamba 2010, ba ta ɗauke wa kowa ambaton mai aiki ba.

Laifin bai tsaya kan ɗalibai ba. Malamin da ya zuba hotuna 20 a allon darasi babu madogara ko guda, da wane baki zai tuhumi ɗalibi? Alƙalan sutnans su zaɓi hotuna 3 a kowane kundi, su bi sawunsu da manhajojin neman asalin hoto irin su Google Lens ko TinEye tun kafin a zauna. Kundin da aka rasa asalin hotonsa ya koma hannun mai shi, a ɗage ranar.