Shin sai mutum ya yar da gadonsa kafin ya yi tunani da kansa?

Akwai wata magana da ke ƙara samun gindin zama a tsakanin wasu matasanmu 'yan boko, musamman a Facebook da X: wai mutum ba zai taɓa yin tunani da kansa ba muddin yana riƙe da addinin da ya buɗe ido ya tarar a gidansu da al'adar da aka rene shi a cikinta. Hujjar tasu ba ta yarwa ba ce. Suna cewa an haife ka a Kano, ga ka Musulmi. Da a Anaca aka haife ka da yanzu kana coci. Da a Indiya ne wataƙila da kana bautar abin da Hindu ke bauta wa. To ina zaɓi a nan? Abin da kake kira imani, in ji su, unguwarku ce kawai ta bi ka.

Masu yaɗa wannan magana sun ɗauka daga Turai ta zo, kuma sabuwa ce fil. Fiye da shekara 900 da suka wuce Imamu Gazali, wanda har yau ake karanta Ihya'insa a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram, ya rubuta ta da hannunsa. A littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal ya ce tun yana matashi igiyar bin iyaye ido rufe ta kwance masa, saboda ya lura 'ya'yan Nasara ba sa tashi sai a kan Nasaranci, 'ya'yan Yahudu a kan Yahudanci, 'ya'yan Musulmi a kan Musulunci. Ya bi wannan tambaya har ta kai shi ga kokwanton abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yanke masa, ya yi kusan wata 2 a cikin wannan hali. A shekarar 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da ɗalibai kusan 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, ya ajiye muƙamin ya kama hanyar Sham. Shi ne ya ce taƙlidi, wato bi ido rufe, kamar gilashi yake: idan ya fashe ba a liƙa shi, sai dai a narkar da shi a sake ƙerawa. Gazali ya rasu a 1111 yana Musulmi. Amma babu mai adalcin da zai karanta wannan tafiya tasa ya ce bai yi tunani da kansa ba don kawai ƙarshenta bai zama barin addini ba.

A nan ne nake ganin kuskuren farko na masu waccan magana. Sun sa sakamako ya zama ma'auni. Wanda ya bincika ya fita, shi ne mai 'yancin tunani. Wanda ya bincika ya zauna, har yanzu yana cikin kangi. Ke nan an riga an rubuta amsar da dole ka kai gare ta kafin ka fara lissafi, wato ainihin abin da suke zargin malamai da shi.

Mu dawo gida, inda muka fi sanin mutanen da abin da suka fuskanta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, ya kuma girmama shi matuƙa, har ya yabe shi a waƙa. Duk da haka da Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa aikata wasu manyan zunubai na fitar da mutum daga Musulunci, Shehu ya ɗauki alƙalami ya saɓa masa a rubuce, ya ce wannan ba shi ne matsayin Ahlus Sunna ba. Almajiri ya ce wa malaminsa "a nan ban bi ka ba", kuma sama ba ta faɗo ba. Haka ya yi da malaman da ke titsiye talakawa da tambayoyin ilimin tauhidi, duk wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Haka ya yi a kan mata: a Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke kwana suna karantar da almajirai amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya ce neman suna ne ke motsa su. An zarge shi a lokacin da barin mata su halarci wa'azinsa. 'Yarsa Nana Asma'u ita ce daga baya ta kafa tsarin 'yan taru, jajis, wato matan da ke jagorantar 'yan tarun, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Ƙanensa Abdullahi Gwandu ya ma fi shi zafi. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga yadda neman mulki da dukiya ya fara shiga zukatan wasu mutanensu, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tare shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne na Muhammadu Bello. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar halaccin yaƙar Borno, da hujjoji masu ciwo: in don ana aikata saɓo da bidi'a ne, ai a Masar ma ana yi, wa ya kafirta Masar? Bello bai ƙona wasiƙun ba. Ya kwafe hujjar abokin hamayyarsa ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, sannan ya amsa. Mai karatu yana iya auna su biyun, har ya ga a wasu wurare al-Kanemi ya fi ƙarfi. Yau a cikin masu wa'azinmu na soshiyal midiya, mutum nawa ne za su karanto maganar wanda suke yi wa raddi cikakkiya, ba tare da sun yanke mata kai da ƙafa ba?

Wani zai ce ai waɗannan duk malamai ne suna gardama a cikin ɗaki ɗaya. To ga Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Dukansu 'ya'yan gidan malamai ne, dukansu sun yi boko mai zurfi a zamanin da 'yan Arewa masu irinsa ba su da yawa. Sa'adu ya je kwalejin Yaba a Legas, Aminu ya je Landan a 1946. Da suka tashi yaƙar zaluncin En'e, da aikin tilas, da harajin da ke tatse talaka, da faɗuwar da talaka ke yi ƙasa gaban sarki, ba su tsaya a kasuwa suna karanto wa manomi Karl Marx ba. Da aya da hadisi da tarihin Shehu suka tunkari fada, suna cewa ku da kuka gaji tuta, ga abin da mai tutar ya rubuta. Abin da ya sa fada ta rasa yadda za ta yi da su ke nan. Mai cewa addini ƙarya ne, cikin sauƙi za a nuna shi da yatsa jama'a su watse su bar shi. Amma wanda ke tafsiri da azumi, ya fi alkalin da zai ɗaure shi sanin Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, sai dai a yi masa ƙarfa-ƙarfa. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta nemi a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a tun ana ganin hakan abin kunya ne, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan hanya, matan Arewa ba su sami ƙuri'ar ba sai a 1976. In akwai wasu a tarihinmu na kusa da suka saɓa wa abin da aka saba, suka kuma biya kuɗinsa da jikinsu, to su ne. Ba su yar da gadonsu ba. Sun san shi ne fiye da masu fakewa da shi.

Ba zan yi kamar ban ga inda hujjar ɗaya ɓangaren take da haƙori ba. Gaskiya ne Shehu zai iya saɓa wa Malam Jibrilu a kan hukuncin mai zunubi, amma tambayar ko akwai Allah ba ta cikin abin da zai sa a faifai. Addini yana da tushen da mai shi ba ya taɓawa. Sai dai ban san mutumin da ba shi da irin wannan tushe ba. Wanda ya ce ba zai yarda da komai ba sai abin da aka gwada a ɗakin gwaje-gwaje, wannan ƙa'ida tasa ba a ɗakin gwaji aka tabbatar da ita ba. Harshen da yake tunani da shi gado ne. Ƙyamar zalunci da yake taƙama da ita a bayan wata uwa ya fara shan ta. Turawan da ake jingina wa wayewar ma ba daga sama suka faɗo ba: Descartes a makarantar limaman Katolika ya yi karatu, Kant a gidan Kiristoci masu tsananin ibada ya tashi, da kayan aikin da suka gada suka yi gardama da gadon.

Kuma in za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin samarin da ke shelar sun 'yantu liman kawai suka sauya. Jiya "Malam ya ce", yau wani Bature mai bidiyo a YouTube ya ce. Jumlolin iri ɗaya ne, misalan iri ɗaya, har ba'ar ma kwafo ta aka yi. Ka tambaye shi me malaman tauhidi na Ash'arawa suka ce a kan matsalar da yake kafa hujja da ita, ko yaya Ibn Rushdi ya amsa wa Gazali, sai ka ga bai taɓa ji ba. An gudu ba a tsira ba.

Amma laifin da ya fi girma namu ne, mu da muka zauna a gida, kuma a nan nake so mu daɗe. Yaro ɗan shekara 12 a Islamiyya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in Allah Ya riga Ya rubuta wane ɗan wuta ne, mene ne laifinsa?" Ajin ya yi tsit. Malam ya zaro ido ya ce, "A'uzu billahi! Wa ya koya maka wannan? Kul na sake ji!" Wani lokaci har da dorina. Yaron ya sauke hannu. Tambayar ba ta mutu ba, ta koma ciki ne. Bayan shekara 6 yana da waya a hannu, kuma mutum na farko da ya ɗauki tambayarsa da muhimmanci, ya ce masa "kana da hankali da ka yi wannan tunani", shi ne wanda ke son raba shi da addinin baki ɗaya. Daga ranar ya kammala cewa tunani yana waje, gida kuwa wurin yin shiru ne. Mu muka koya masa haka, tun ranar dorina.

Abin takaicin shi ne tambayar ƙaddara tsohuwa ce, malaman Musulunci sun cika littattafai a kanta. Malamin ne bai karanta ba, ko ya karanta bai iya saukowa da ita daidai kan yaro ba, sai ya rufe gazawarsa da tsawa. Alƙur'anin da yake karantarwa ya yi ta zargin masu cewa "haka muka sami iyayenmu suna yi". A cikin Baƙara Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, domin zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. A Sahihu Muslim sahabbai sun zo sun ce suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, Manzon Allah (SAW) bai kore su ba.

Tsoron bai tsaya a aji ba. A Mayun 2022 ɗalibai sun kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ba alkali ba shaida. Mubarak Bala, wanda ya bar Musulunci, an kama shi a 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ban goyi bayan zagin abin da mutane ke girmamawa ba, kuma zagi daban tambaya daban. Amma matashin da ke kallo daga gefe ba ya wannan rarrabewar. Abin da ya fahimta shi ne bakinka alekum. Sai ya ci gaba da bin sahu a masallaci, da dare kuma ya buɗe shafi da sunan bogi. Su waɗannan ba sa shiga ƙidayar kowa, kuma duk malamin jami'ar da ɗalibai ke sakin jiki da shi ya san akwai su.

Har a tsakanin masu sallah ɗaya ma mun ƙuntata. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa kowa ya haddace raddin da zai yi wa ɗan'uwansa, kaɗan ne suka taɓa buɗe littafin ɗaya ɓangaren da kansu. Ga kuma cakuɗa al'ada da addini, ta yadda mai sukar auren dole, ko barar ƙananan yara, ko danne wa mata gadon gona, sai a ce ya taɓa addini, alhali addinin ne ya fara hana wasu daga ciki.

Zaurukanmu na da sun karantar da manɗiƙi da usulul fiƙhi, ɗalibi ya san yadda ake gina hujja da yadda ake rushe ta, ya san Malikiyya sun ce kaza Shafi'iyya sun ce kaza da dalilin kowa. Yawancin Islamiyyun yau hadda ce da amsa guda. Ina ganin masu tsara manhaja, daga hukumomin ilimin Larabci da addini na jihohi har ƙungiyoyin da ke da dubban makarantu a hannunsu, ya kamata su mayar da darasin saɓanin malamai tun daga matakin sakandare, su sa wasiƙun Bello da al-Kanemi a ciki, a raba aji biyu kowane ɓangare ya kare ɗaya. Sannan a horar da malamin ƙaramin aji ya iya cewa, "Wannan tambaya ce mai kyau, ban da amsarta yanzu, bari in bincika zuwa Asabar."