Wai sai malami ya zama injiniya kafin ya haska darasi?

Haba! Abin nan ya isa haka. Malami ya kwana yana shirya darasi a kwamfuta, ɗalibai sun zauna, amma rabin lokacin ya tafi wajen laluben waya. Majigin da ke rataye a aji kafar VGA gare shi, shuɗiyar nan mai ramuka 15 da IBM ta fito da ita tun 1987. Kwamfutar malam kuwa ba ta da komai sai ƙananan kafofin USB-C. Ta ina za su gaisa?

Sai a ce maka ai abu ne mai sauƙi, sayi adafta. Wacce daga ciki?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne USB-C ɗin nan. Kafa biyu ne iri ɗaya sak a ido, ɗaya tana fitar da hoto, ɗayar caji da kwasar fayil kawai ta iya. Idan kafar ba ta da DisplayPort Alt Mode ko Thunderbolt, wato fasahohin da ke ba ta damar fitar da hoto, adaftar da ka jona ba za ta haska komai ba. Wani kamfanin ya ɗan zana alamar walƙiya mitsitsiya a gefe, wani ko wannan arzikin bai yi ba. Me zai ci musu su rubuta ɓaro-ɓaro?

Adaftar HDMI zuwa VGA ma da nata tarkon, HDMI ɗin nan ita ce kafar hoto da sauti da ke jikin wasu kwamfutocin. Yaren da kafofin biyu ke yi daban ne, sai da ɗan guntun na'ura a cikin adaftar mai juya siginar, kuma hanya ɗaya yake juyawa. Ka ɗauko ta VGA zuwa HDMI, allo ya tsaya ƙiƙam. Idan ma an dace hoton ya fito, VGA ba ta ɗaukar sauti, sai ka ga mutumin cikin bidiyo yana ta motsa baki, yara na ƙyalƙyala dariya.

Kamfanonin ma kansu ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Apple ya cire HDMI daga kwamfutarsa MacBook Pro a 2016, ya dawo da ita a 2021. To jakar adaftocin da aka tilasta wa mutane saya a tsakani fa?

Amma idan darasi ya lalace, malami ake harara, wai bai shirya ba. An bar jaki ana dukan taiki. Makarantar da ta iya sayen majigi ta kasa ɗaure adafta biyu a jikin wayarsa, ta USB-C da ta HDMI? Ta kasa manna takarda a ƙofa mai faɗin irin kafar da ke ajin? Ku ɗaure su yadda ba za a tafi da su ba, ku gwada su kafin zango ya fara, ku bar malami ya koyar.