Littafi na uku na Magana Jari Ce ya bar ni da rai biyu

Jama'a, na kammala Magana Jari Ce na uku, kuma ina so mu yi maganarsa tsakani da Allah, don a fadarmu ta shayi nan Maradi duk wanda ya taɓa marubucinsa Abubakar Imam sai a taso masa kamar ya zagi kakan wani.

Abin da ya riƙe ni a littafi na ɗaya tsoro ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ɗan sarki kuma ya matsu ya fita ya bi Mahmudu, jikan sarki, fagen yaƙi. Kowane dare idan aku bai samo labarin da zai tsare yaron har gari ya waye ba, to rai ne zai salwanta. Shi ya sa kake karanta labarin aljanu ko na ɓarayi amma hankalinka na kan ƙofar fada. Na biyu ma da sauran zafi, tunda gasa ce tsakanin akunmu da wani aku mai suna Haziƙ, kana da gwanin da kake goyon baya.

Na uku fa? Aku ya riga ya zama Waziri, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih ba da labari. Ya ba shi, ya gyara masa, ya yi masa faɗa. Babu maƙiyi a bakin ganuwa, babu wanda zai mutu in labari ya ƙi daɗi. Wallahi wannan ya rage mini armashi. Wanda ya fara tsare ran ɗan sarki da bakinsa, ya ƙare yana malamin aji, ni kuwa na so a ce akwai abin da zai yi asara in ɗan ya kasa.

Amma ba zan zalunci littafin ba. Labaran da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, Hausarsu ta nuna, ba ta da ɓara ko kaɗan. Imam ya rubuta aikin nan a Zariya tare da wani Bature, Rupert East, aka fara buga shi a 1937, shi kuwa haifaffen 1911 ne, ke nan bai kai talatin ba. Ya ɗebo daga Alfu Laila da littattafan Indiya da na Turai, ya sa musu riga da rawani har ka rantse a Katsina aka yi su. A na ukun ne ya buɗe mana yadda yake yin haka, ta bakin aku.

Mu kuma nan Nijar wannan darasin ya fi shafarmu. Yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal, Hausar boko daga baya muka tsince ta a littattafan da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Tun 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, to su wa za su rubuta wa yaranmu abin karantawa? Duk matashin da ke son rubutu a Maradi, na uku zan fara miƙa masa. Wanda kuwa daɗin labari kawai yake nema, ya fara da na ɗaya, kada ya sa ran na uku zai hana shi barci.