Koren lesa ba abin wasan yara ba ne

Jama'a, 'yar tocilar nan mai koren haske da ake sayarwa a kasuwa, wato lesa, wadda yara ke dallara wa juna a fuska, ni dai a ganina lokaci ya yi da za mu daina yi mata kallon abin wasa.

Haske ba ya kula haske. Kunna tocila biyu su gitta juna, kowace za ta wuce abinta. Amma idan ƙarfinsa ya kai ƙarfi, ya ratsa wasu irin duwatsun kiristal, sai labari ya canza: ƙwayoyin haske biyu su haɗe su zama ɗaya mai ninkin kuzari, launi ya sauya. Peter Franken da abokan aikinsa ne suka fara nuna haka a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1961, shekara guda bayan ƙera lesa ta farko. Ɗigon sabon hasken da suka samu a hoto ƙanƙane ne sosai, har masu buga mujallar da ta wallafa binciken suka zaci datti ne, suka goge shi daga hoton!

Dabarar nan ce a cikin yawancin koren lesa. Launin haske ya dogara ne da tsawon zangonsa, wato tsawon igiyarsa, da ake aunawa da ɗan mitsitsin ma'auni mai suna nanomita. Ana fara samar da haske mai tsawon zango nanomita 1064, wanda idon ɗan Adam ba ya gani sam. Sai kiristal mai suna KTP ya raba zangon biyu, ya koma 532. Koren ke nan. Ilimi ne mai ban sha'awa wallahi, likitocin ido ma da irin hasken suke ƙona jijiyoyin jinin da ke tsiyaya a idon masu ciwon suga.

To ga inda gizo ke saƙar. Kiristal ɗin ba ya juya hasken duka. Ragowar marar ganuwa sai an sa matata ta tare shi, masu arha kuwa da yawa ba a sa musu. Ido yana ƙiftawa in haske ya dalle shi, amma ta yaya zai guje wa abin da bai gani ba? Haka zai shige har can bayan ido.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga yadda 'yan kallo a Senegal suka cika fuskar Mohamed Salah da koren haske a Maris ɗin 2022, yana shirin buga fenareti, wasu na ta dariya.

Iyaye, in kun ga koren ya dushe, kada ku bari yaro ya leƙa bakin tocilar wai ya ga ko ta mutu. Mai yiwuwa marar ganuwan yana nan yana fita.