Ni ce na rubuta "a binciki kishiya"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi jiya ban runtsa ba, na yi juyi har aka kira assalatu, shi ne na ce gara in fito in faɗa ko wani ya kiyaye abin da ni na kasa kiyayewa.

Yau kwana biyar kenan da wani yaro ɗan shekara 3 ya ɓata a wani ɗan ƙauye can gefen garinsu mahaifiyata. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, abin da aka yi musu ya isa haka. Irin ƙauyen nan ne da sai ka sauka daga mota ka hau mashin ku yi ta ratsa gonaki, sabis ma sai an hau tudu ake samu. Yayyensa ne suka ɗauki abinci za su kai gona da hantsi, shi kuma ya bi bayansu ba su sani ba, uwar tana ganin yana tare da su, su kuma suna ganin yana gida, sai da aka dawo da la'asar aka duba ba ya nan ba ya can. Kuma kun san yadda daji yake yanzu, dawa ta fi tsayin mutum, babba ma in ya shiga ba ka hango shi balle ɗan mitsitsin yaro, ga rafi ya cika, ga kududdufai, ga tsofaffin rijiyoyi da ciyawa ta rufe bakinsu.

Washegari aka turo hotonsa gurup ɗinmu na matan yankin, mun fi mu ɗari biyu a ciki. Da farko kowa innalillahi, Allah ya bayyana. Ko minti ashirin ba a yi ba aka fara. Wata ta ce masu yankan kai ne. Wata ta ce ai uban kwanan nan ya sayi sabon mashin, a ina ya samu kuɗi. Wata ta turo saƙon murya na kusan minti biyar tana cewa ita an gaya mata an ga wani baƙo a bakin rafi. Wata ta ce mutanen rugar da ke bayan garin ne. Sai wata ta ce ai uwar yaron tana da abokiyar zama, kuma ita abokiyar zaman ba ta taɓa haihuwa ba. Ina kwance a kan gado, fanka na kaɗa ni, 'ya'yana duk suna gabana lafiya lau, na ɗauki waya na rubuta: "Toh ai magana ta ƙare, a binciki kishiya." Ban san matar ba. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Sunanta ma a lokacin ban sani ba. Na ajiye waya na ci gaba da harkata.

Jiya da magariba Goggona ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Ke 'yar nan, ashe ke ma har da ke?" Na ce Goggo me na yi. Ta ce ranar kasuwa wani yaro ya shigo gari ya buɗe data, ya ga sikirinshot ɗin maganganunmu yana yawo, ya koma ƙauye ya karanta a gaban mutane, har da sunana a jiki. Ta ce, "Matar nan da kika ce a bincika, ita ta goya yaron nan tun da aka yaye shi, a ɗakinta yake kwana. Kwana uku tana cikin daji tare da maza tana kiran sunansa har muryarta ta dushe, ƙafarta duk ƙaya. Yanzu in ta je rijiya mata sai su yi shiru, yara na nuna ta da yatsa, 'yan uwan mijin sun fara cewa a kai ta a rantsar da ita. Jiya ta ce da ma ita ce ta ɓata ba shi ba." Sai Goggo ta ce, "Ki ji tsoron Allah, ban san ki da haka ba," ta kashe wayar.

'Yan uwa, kalma takwas na rubuta. Na ƙirga su jiya.

Don Allah mu tambayi kanmu, me ke sa mu haka? Yaro ya ɓata, gida na cikin tashin hankalin da sai wanda ya ɗanɗana ya sani, mu kuma mun mayar da abin hirar dare. Kowa ya zama ɗan sanda, kowa ya zama alƙali, daga Kano daga Kaduna daga Abuja muna yanke hukunci a kan ƙauyen da ko hanyarsa ba mu sani ba. An ɗauki bidiyon uwar tana magana, sai kwament: ai ba ta yi kuka ba, ku kalli idonta a bushe. Da ta yi ta birgima kuma da mun ce kukan munafunci ne. Toh yaya ake so ta yi? Wa ya ce mana akwai yadda aka tsara uwa za ta yi in ɗanta ya ɓata? Allah da kansa ya ba mu labarin mahaifiyar Annabi Musa, ya ce zuciyarta ta wayi gari wayam, saura kaɗan ta tona da ba don Ya ɗaure zuciyar ba, kuma wannan fa uwar da aka yi wa alkawarin za a dawo mata da ɗanta ce. Ina ga wadda ba ta san ko yana raye ko ya mutu ba, ba ta san ko ya ci abinci ba, in hadari ya taso cikin dare ta tuna ba riga mai kauri a jikinsa.

Akwai wani labari da na taɓa karantawa na Ostareliya, jiya ya dawo min sabo. A watan Agusta na 1980 wasu ma'aurata suka kafa tanti a daji kusa da wani ƙaton dutse da ake kira Uluru, da jaririyarsu Azaria 'yar sati 9. Cikin dare uwar, Lindy Chamberlain, ta yi ihu ta ce karen dajin nan da suke kira dingo ya ɗauke mata 'ya. Aka nema aka rasa. 'Yan asalin yankin masu bin sawu sun ga sawun dabbar sun faɗa, amma ba a ba maganarsu muhimmanci ba. Sai mutanen ƙasar suka fara irin tamu sak. Aka ce ba ta yi kuka a talabijin ba. Aka ce ta taɓa sa wa jaririyar baƙar riga. Da yake mijin fasto ne na wata ɗariƙar Kiristoci da ba a saba da ita ba, aka ƙirƙiro cewa ma'anar sunan yarinyar hadaya ce a daji, alhali ƙarya ne. A 1982 kotu ta yanke mata ɗaurin rai da rai tana da tsohon ciki, tana tsare ta haihu. Abin da aka ce jinin jaririya ne a cikin motarsu, daga baya aka gano wani sinadari ne da kamfanin mota ke fesawa don rage ƙara. A 1986 aka tsinci 'yar rigar saman da uwar ta dage cewa tana jikin yarinyar, a wurin da ramukan karnukan suke, shi ne aka sake ta. A 1988 aka soke hukuncin. Amma sai 2012 hukuma ta rubuta a takarda cewa lallai dingo ne ya kashe yarinyar. Shekara 32. Mace ta rasa 'yarta, ta yi fiye da shekara uku a kurkuku, aurenta ya mutu, kuma tun daren farko gaskiya ta faɗa. Waɗanda suka yi ta zuba a kanta a wuraren hira, wa ya san adadinsu, wa ya je ya nemi gafararta?

Kuma ba su daddara ba, kamar yadda mu ma ba ma daddara. A 2021 a yammacin ƙasar aka ɗauke wata yarinya 'yar shekara 4 daga tantin iyayenta cikin dare, mutanen Facebook suka yi caa a kan uwar da mijinta. Bayan kwana 18 'yan sanda suka samu yarinyar da ranta a wani gida a kulle a garin Carnarvon, wani mutum ne can da ba shi da wata alaƙa da su.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma shi na gaya wa kaina da na rubuta. Za a ce ai ruwa ba ya tsami banza, ai sau nawa ana samun na jiki ne. Gaskiya ne ana samu. Ba mu manta da Hanifa ba, yarinyar nan ta Kano da aka sace aka kashe, Allah ya jiƙanta, mai makarantarsu ne da kansa. Ba mu manta da yaran Kano 9 da aka gano a Onitsha a 2019 ba. Tsoronmu ba na banza ba ne. Amma wa ya kamo waɗancan? Jami'an tsaro ne da bincike, ba kwament ɗina ko naki ba. In kina da wani abu da kika gani da idonki ko kika ji da kunnenki, ga mai unguwa, ga dagaci, ga 'yan sanda, ki je ki faɗa musu a sirrance su bi diddigi, wannan taimako ne kuma akwai lada. Amma ki zo gaban mutum ɗari biyu ki jefa sunan baiwar Allah don kawai ba ta haihu ba? Rashin haihuwar da take kuka a kai tsawon shekaru shi muka ɗauko muka mayar mata shaidar kisan kai. Subhanallah. Mu mata fa, mu da muka san zafin wannan gorin.

Tun muna yara ake ce mana zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Mun haddace ayar Hujurat, mun san hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, har a sitatus muke sawa ranar Juma'a. Amma da zarar labari mai zafi ya shigo sai yatsa ya riga hankali. Ayar da ta fi tsaya min a rai jiya ita ce ta Suratun Nur a kan masu yaɗa ƙazafi, inda Allah ya ce kuna karɓarsa da harsunanku, kuna faɗa da bakunanku abin da ba ku da ilimi a kansa, kuna ɗaukarsa abu mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Wallahi haka na ɗauke shi, abu mai sauƙi.

Sannan masu cewa a je wajen mai duba, ku ji tsoron Allah. A gurup ɗin nan har wata ta ce ta san wani malami da zai buga ƙasa ya faɗi wanda ya ɗauke shi. Me zai faɗa? Zai ce wata mace ce doguwa a cikin gidan, shikenan an raba zumuncin shekara hamsin, ga sallar kwana arba'in ta tafi, yaro kuma yana can inda yake.

Wadda ta ce mutanen ruga ne, 'yar uwa kin san me maganar nan za ta iya haifarwa? A irin zaman da ake yi yanzu, matasa biyar masu zafin kai su ji wannan su ɗauki gora da adda, a wayi gari an ƙone bukkokin bayin Allah. A watan Maris na 2025 dukkanmu mun yi kuka da aka kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida sallah, kuma ba komai ya jawo ba illa wani ya ce masu garkuwa ne jama'a suka ɗauka. Mun ce zalunci ne, kuma zalunci ne. Toh me ya bambanta bakin da ya fara faɗa a can da namu a nan?

Har neman yaron ma maganganunmu suna ɓata shi. Goggo ta ce rabin mazan da ya kamata a ce suna duba bakin rafi da rijiyoyi sun tafi bin labarin baƙon nan da aka ce an gani, kwana guda cur, a ƙarshe aka gano mai tallan gishiri ne da kowa ya sani. Kwana guda a wurin yaro ɗan shekara 3 da ke daji. Mu muka cinye masa shi muna kwance a ɗakunanmu.

Don Allah, don Annabi, in hoton yaron da ya ɓata ya zo miki, ki tura hoton da kalar kayan jikinsa da lambar da za a kira, ki tsaya nan. A yi cigiya a masallaci, a kai gidan rediyo. In kina da hali ki tura kuɗin man mashin ga masu nema, ko a dafa musu abinci. In ba ki da komai ki tashi cikin dare ki yi masa raka'a biyu. Admin ɗin gurup, ku ma za a tambaye ku, kuna gani ana cin naman mutane kuna shiru, ku riƙa gogewa kuna tsawatarwa ko da za a ji haushinku. Maza ku ma ban cire ku ba, na ga abin da kuke rubutawa a Facebook a kan uban yaron da mashin ɗinsa, mutumin da buhunan waken bara ya sayar ya saya.

Na goge abin da na rubuta amma sikirinshot ɗin yana wayoyin da ban san adadinsu ba, magana zarar bunu. Na rubuta a gurup na ce ƙarya na yi, ba ni da wata hujja, wanda ya tura waccan don Allah ya tura wannan ma. Mutum huɗu ne kawai suka amsa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu Goggo za ta raka ni ƙauyen in durƙusa a gaban matar nan, ban san da wane ido zan kalle ta ba, in ta ƙi yafe min ma tana da gaskiya.

Ku da kuka rubuta irin nawa, kun san kanku, don Allah ku koma ku janye tun yau. Kuma ku sa yaron nan a addu'a, har yanzu da nake rubutun nan ba a gan shi ba. Ya Allah ka bayyana shi cikin aminci, ka sanyaya zuciyar iyayensa mata su biyun.