Gwanin kocin ƙwallon Amurka a wurina Joe Gibbs ne

Jama'a, duk lokacin da aka tashi muhawarar wane ne koci mafi gwaninta a tarihin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kafin a rufe baki sai wani ya ce Bill Belichick, a miƙe a watse kamar an gama magana. Ni kuwa shekaru ina raba dare ina kallon wasan nan, don Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, sai bayan sha biyun dare yake farawa a agogonmu, kuma ban gamsu ba. Mutumina Joe Gibbs ne na Washington.

Ba raina Belichick na yi ba, wanda ya raina shi bai san wasan ba. Kofin Super Bowl 6 ya ɗaga da New England Patriots, ya je wasan ƙarshe sau 9, kafin nan kuma yana da guda 2 da ya ci a New York Giants yana mai tsara tsaron baya ƙarƙashin Bill Parcells. Nasarorinsa gaba ɗaya 333, Don Shula kaɗai ya fi shi da 347. Ya kuma yi wannan aiki a zamanin da aka ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dokar da aka kawo a 1994 don kada wata ƙungiya ta daɗe tana mulki. Duk na yarda.

Amma ga abin da yake damuna. A wannan wasa akwai mutum ɗaya a fili da komai ya rataya a wuyansa, wato kwatabak, mai karɓar ƙwallo a kowane farmaki ya yanke shawarar inda za ta. Kofuna shidan nan kaf da kwatabak ɗaya aka ci su, Tom Brady. A Cleveland, daga 1991 zuwa 1995, Belichick ya ci wasa 36 ya sha kashi a 44. Shekararsa ta farko a New England, kafin Brady ya karɓi ragamar kwatabak, 5 ya ci aka ci shi 11. Da Brady ya tafi Tampa Bay a 2020 kuwa, a kakarsa ta farko ya ɗaga kofi a can, shi kuma tsohon ubangidansa ya ƙare zamansa a 2023 da nasara 4 cikin wasa 17. Masoyansa za su kawo 2008, shekarar da Brady ya ji rauni a wasan farko amma Matt Cassel ya ja ƙungiyar ta ci 11. Gaskiya ne, ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai shekara ɗaya ce. Ga kuma tarar dala 500,000 da aka ci shi a 2007 kan ɗaukar bidiyon alamomin kocin New York Jets, abin da ba ya gogewa daga tarihinsa.

Masu kallon ƙwallon Turai sun san irin wannan gardama, don shekaru aka yi ana tambayar ko Guardiola zai iya cin kofin zakarun Turai ba Messi, har sai da ya ci da Manchester City a 2023. To a NFL kusan kowane babban koci da tauraronsa ɗaya. Vince Lombardi, wanda sunansa ke jikin kofin ma, kambunsa 5 a Green Bay duk da Bart Starr ne. Chuck Noll ya ci 4 da Terry Bradshaw, Bill Walsh ya ci 3 da Joe Montana, Andy Reid ya ci 3 da Patrick Mahomes. Gibbs ya ci nasa 3 da mutum uku daban: Joe Theismann a kakar 1982, Doug Williams a 1987, Mark Rypien a 1991. A cikinsu babu ko ɗaya da aka shigar zauren karrama gwanayen wasan da ke Canton a jihar Ohio.

Yadda Gibbs ya fara ma abin dubawa ne. Ya zo Washington a 1981, lokacin ana kiran ƙungiyar Redskins, yanzu Commanders. Daga San Diego ya taso, inda ya yi aiki ƙarƙashin Don Coryell, gidan da jifa ta sama ita ce sana'a. Ya zo da wannan salo, aka ci shi wasa biyar na farko a jere. Wani koci da sai ya ce 'yan wasan ne ba su iya ba. Shi sai ya duba mutanen da ke hannunsa, ya ga ƙarti ne majiya ƙarfi, ga John Riggins mai gudu kamar bijimi, sai ya ajiye abin da ya zo da shi ya ɗinka musu riga daidai jikinsu. Suka ƙare shekarar da ci 8 faɗuwa 8, a kaka ta gaba suka doke Miami ta Don Shula 27 da 17 suka ɗauki kofi. Wannan hali shi nake kira koci. Ba kowa ke iya rabuwa da dabarar da ta yi masa suna cikin wata biyu ba.

Kuma ba a fili mai sauƙi ya yi ba. Rukuninsu akwai Giants ta Parcells, akwai Dallas, akwai Philadelphia, kowacce sau biyu suke haɗuwa a shekara, sannan kafin ka kai Super Bowl sai ka ratsa ta gaban San Francisco ta Montana ko Chicago. Lawrence Taylor na Giants ya addabi kowa a wancan zamani, har Gibbs ya sake tsarin layinsa, ya rage mai gudu ɗaya ya ƙara mai tarewa, don a samu mai tsayawa a gabansa. Taylor ɗin ne ya karya ƙafar Theismann a Nuwamban 1985, karayar da ta kawo ƙarshen wasansa. Ƙungiya da yawa daga nan sai ta shiga shekarun lalube. Washington kuwa a kaka ta gaba tana wasan kusa da na ƙarshe da sabon kwatabak ɗinta, Jay Schroeder. Giants ta ci su 17 da nema, kuma wanda ya tsara tsaron da ya hana su motsi Belichick ne, ba zan ɓoye wannan ba.

Na san abin da za a ce mini. Biyu daga kofunansa a shekarun yajin aiki aka ci su, a 1982 wasa 9 kawai aka buga kafin zagayen kifa ɗaya ƙwala. Ni wannan hujja a wajena take. A 1987 'yan wasa suka tafi yajin aiki, aka ɗebo mutanen da babu wanda ya san su suka buga mako uku. Gibbs ya ci ukun duka, har da Dallas wadda manyan taurarinta irin su Tony Dorsett da Danny White suka riga suka koma aiki, alhali shi ba shi da ko ɗaya daga cikin nasa. Idan ana neman inda za a ga hannun koci tsantsa, ai ga shi nan. Wanda kuma ke son cikakkiyar kaka ya duba 1991: nasara 14 cikin 16, sau 9 kacal aka kayar da kwatabak ɗinsu da ƙwallo a hannu duk shekarar, suka doke Buffalo 37 da 24, da Rypien wanda sai a zagaye na shida aka zaɓo shi daga jami'a.

Inda nake sassautawa shi ne zaman Gibbs na biyu a Washington, daga 2004 zuwa 2007, bayan ya shafe shekaru yana harkar tseren motoci. An ci shi fiye da yadda ya ci, ko da yake sau biyu ya kai su zagayen neman kofi. Kuma in ana maganar wanda ya gina sana'ar koci kanta, Paul Brown za a ba, mutumin da ya kai Cleveland wasan ƙarshe shekara goma a jere daga 1946, ya mayar da nazarin fim ɗin wasa aikin yau da kullum. Wannan wata daraja ce daban.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne Super Bowl na 31 ga Janairu 1988 a San Diego. Doug Williams a benci ya shafe mafi yawan kakar. Gibbs ya san shi tun 1978 a Tampa Bay, shi ya je ya gan shi a jami'ar Grambling ya ba da shawarar a ɗauke shi, a zamanin da masu ƙungiyoyi da yawa ba su yarda baƙar fata zai iya riƙe wannan matsayi ba. Da lokacin neman kofi ya zo, sai ya ajiye Schroeder ya miƙa wa Williams ragama. Bai tsaya nan ba, ranar wasan ƙarshe ya sa wani sabon yaro, Timmy Smith, wanda bai taɓa fara wasa a NFL ba. Denver ta John Elway ta shiga gaba da maki 10 da nema, Williams ya murɗe gwiwa aka fitar da shi na ɗan lokaci. Ya dawo, a zango na biyu kaɗai cikin zanguna huɗu na wasan Washington ta zuba maki 35, sau huɗu yana jefa ƙwallon da ta kai ƙarshen fili. Smith ya yi gudun yadi 204, adadin da har yau ba a karya ba a Super Bowl. Aka tashi 42 da 10, Williams ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin a matsayin kwatabak. Bidiyon zangon nan yana YouTube, minti goma sha biyar ne na agogon wasa, wanda bai taɓa gani ba ya nema ya kalla kafin ya zo mu yi gardama a ƙasa.